Abdulkarim Bajamushe da Littafin da Ya Aro a Gwandu



Sharhin yau ya shafi rayuwa da aikin Heinrich Barth, Bajamushen masanin Larabci da tarihi da labarin ƙasa, wanda mutanen ƙasar Hausa da na Barno suka sani da suna Abdulkarim, wanda kuma ya ratsa ƙasar da a yau ake kira Jihar Kebbi har sau biyu, a shekarar 1853 yana kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, da kuma 1854 yana dawowa. An saba lissafa shi cikin Turawa matafiya masu binciken ƙasashe, ana ambaton hamadar da ya ƙetare da kogunan da ya gani, amma abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi, irin su Mungo Park da Hugh Clapperton, shi ne yana iya zama gaban malami ya tattauna da shi da Larabci ba tare da tafinta ba, yana kuma iya karanta littafin da aka rubuta da hannu ya fitar da abin da ke cikinsa. Mafi tsadar abin da ya koma da shi gida ya same shi ne a garin Gwandu, a hannun wani malami da ya ba shi aron littafi na 'yan kwanaki.

Kafin a shiga tarihinsa ya dace a bayyana irin ilimin da ya taso a cikinsa. A jami'o'in Turai akwai fannin da malaman Larabci suke kira istishraƙi, wato nazarin harsuna da addinai da tarihin mutanen Gabas, masu yin sa kuma ana ce musu mustashriƙai. A ƙarni na 19 Jamusawa suka zama kan gaba a ɓangaren da ya shafi harshen Larabci, domin a wannan zamanin ne Georg Freytag ya wallafa ƙamusunsa na Larabci da Latin tsakanin 1830 da 1837, Gustav Flügel ya buga Alƙur'ani a birnin Leipzig a 1834, Heinrich Fleischer kuma ya shafe fiye da shekara hamsin yana karantar da nahawun Larabci a wannan birni, ɗalibai suna zuwa masa daga ko'ina a Turai. A 1845 suka kafa ƙungiyar Jamusawa masu nazarin Gabas, wadda mujallarta ta zama matattarar duk wani sabon rubutun Larabci da ya faɗo hannun Bature. Yawancin waɗannan malamai masu zaman ɗaki ne, sun san Larabcin littafi ciki da waje, wasunsu kuwa har suka bar duniya ba su taɓa yin cinikin ko da dabino da Balarabe ba. Barth bai kai su zurfi a nahawu da sarfu ba, kuma bai taɓa riƙe kujerar koyar da Larabci ba, sai dai ya fi su ta wata fuska, domin shi ya ɗauki harshen ya fita da shi zuwa inda ake rubuta wasiƙun sarauta da shi, ake yanke hukunci da shi, ake kuma adana tarihi da shi.

An haife shi a birnin Hamburg ranar 16 ga Fabrairu, 1821, mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai abin hannunsa wanda ya ɗauki nauyin karatunsa da tafiye-tafiyensa na farko. Ya shiga Jami'ar Barlin a 1839, inda ya zauna gaban August Böckh, masanin harshe da tarihin tsohuwar Girka, da Carl Ritter, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin labarin ƙasa na zamani. A 1844 ya sami digirin dakta da bincike a kan cinikayyar tsohon birnin Korinti, abin da ke nuna cewa tun farko hankalinsa yana kan hanyoyin fatauci da yadda suke haɗa al'ummai. Bayan ya ƙara inganta Larabcinsa a Landan, ya tashi a 1845 ya bi gaɓar Bahar Rum tun daga Tanja ta ƙasar Maroko har Masar, daga nan ya zarce Sham da ƙasar Turkawa da Girka, bai koma gida ba sai 1847. A kan iyakar Libiya da Masar 'yan fashi suka far masa, suka harbe shi suka kwashe masa kaya har da takardun da ya rubuta, duk da haka ya wallafa littafin wannan tafiya a 1849. Littafin bai yi kasuwa ba, darussan da ya fara bayarwa a jami'a su ma ba su ja ɗalibai ba, amma shekarun nan sun mayar da Larabcinsa daga na takarda zuwa na baki.

A wannan hali gwamnatin Ingila ta shirya ayari ƙarƙashin James Richardson, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan kudancin Sahara da neman hanyar daƙile cinikin bayi, aka kuma nemi Jamusawa biyu su shiga, wato Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850, suka bi ta Murzuk da Gat. Kusa da Gat Barth ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa kafin wani Buzu ya tsince shi. Ya ɗauki sunan Abdulkarim domin sauƙin mu'amala, ba tare da ya ɓoye cewa shi Kirista ne ba, ya kuma fara koyon Hausa tun cikin ayari, tunda ita ce harshen ciniki a Azbin. A watan Oktoba ya shiga Agadas shi kaɗai, ya gana da Sarki Abdulƙadir, a farkon 1851 ya iso Katsina, a watan Fabrairu kuma ya shiga Kano a zamanin Sarki Usman, cikin talauci da bashi da zazzaɓi. Bayanin da ya rubuta a kan Kano har yau masana tattalin arzikin wancan zamani suna komawa gare shi, domin ya ƙiyasta mazauna birnin a kan mutum 30,000, adadin da kan ninka idan fatake sun sauka da rani, ya kuma ƙiyasta cewa saƙa da rini suna samar da kimanin wuri miliyan 300 a shekara, tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa, Overweg kuma ya bi shi a watan Satumba na 1852 a bakin tafkin Cadi, saboda haka nauyin tafiyar duka ya dawo kan Barth. A Kukawa, fadar Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, amfanin Larabcinsa ya fara bayyana sosai, domin ta hannun mutanen fada, musamman Waziri Alhaji Bashir, ya sami kwafin diwani, wato jerin sunayen sarakunan Kanem da Barno da tsawon mulkin kowannensu, ya kuma sami littattafai biyu na Imam Ahmad ibn Furtuwa a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na ƙarshen ƙarni na 16. Ya aika da su Turai, inda Otto Blau ya buga fassarar diwanin a mujallar mustashriƙan Jamus a 1852, kuma da waɗannan takardu ne aka fara tsara tarihin daular Sefawa ta Kanem da Barno a jere da shekaru. Daga Kukawa ya je Yola a watan Yuni na 1851, ya ga kogin Binuwai, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki saboda ya zo da wasiƙar Barno a lokacin da ƙasashen biyu ba sa ga maciji. A Masenya ta ƙasar Bagirmi kuma ya haɗu da Faki Sambo, wani makahon malami Bafulatani wanda ya san Aristo da Aflaɗon ta hanyar fassarar Larabci, yake kuma iya zance a kan tarihin Andalus, haɗuwar da ta ƙara tabbatar wa Barth cewa ilimin da ke wannan yanki reshe ne na babban ilimin duniyar Musulunci.

Akwai tabo a wannan ɓangare na tarihinsa da bai kamata a tsallake ba. A ƙarshen 1851 ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, tafiyar da ta zama harin kamun bayi, ya ga yadda aka ƙona garuruwa aka karkashe maza aka kora mata da yara. Ya rubuta abin da ya gani ba tare da rufa-rufa ba, ya kuma kare kansa da cewa babu wata hanyar ganin ƙasar sai wannan, amma masu yaƙi da bauta a Ingila ba su karɓi uzurin ba, kuma duk mai adalci zai ga nauyin zarginsu, tunda ayarin da aka turo domin hana cinikin bayi ne aka iske wakilinsa a cikin sansanin maharan.

A watan Nuwamba na 1852 ya bar Kukawa ya fuskanci yamma, ya bi ta Damagaram da Katsina, ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello a sansaninsa yana shirin fita yaƙi, Sarkin Musulmi ya karɓe shi hannu biyu, ya amince da yarjejeniyar ciniki, ya kuma ba shi takardar izinin wucewa. Makonnin da ya yi tsakanin Wurno da Sakkwato ya cika su da karatu, ya duba Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, wanda Clapperton ya taɓa kai wani guntu nasa Ingila, da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo. A nan ne kuma ya san Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, marubucin Raudatul Afkar, wanda Barth ya ɗauka shi ne mafi ilimi cikin mutanen zamaninsa a wannan ƙasa. Ɗan Tafa ne ya fara ba shi labarin daular Songhai da jerin sarakunanta, shi ne kuma ya sanar da shi cewa akwai wani babban littafin tarihi da ya ƙunshi wannan duka, abin da ya sa ya shiga cigiyarsa.

Ya isa Gwandu a tsakiyar watan Mayu na 1853, a lokacin da garin yake cikin zaman ɗar-ɗar, domin tun 1849 Kabawa ƙarƙashin Yakubu Nabame suka ɗaga tutar tawaye daga Argungu, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara musu baya, hanyoyin yamma suka zama sai da shiri. Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858, mutum ne mai gudun duniya da yawan keɓewa, bai yarda ya ga baƙon ido da ido ba, duk wata magana sai ta bakin 'yan tsakani, waɗanda suka matsa wa Barth har sai da ya ƙara kyauta a kan wadda ya fara bayarwa kafin a ba shi takardar wucewa. Yana cikin wannan jira ne wani malami mai suna Buhari ya ba shi aron littafin da ɗan Tafa ya ambata masa, wato Tarikhus Sudan. Lokaci bai ba shi damar kwafe shi duka ba, domin littafi ne mai kauri, saboda haka ya shafe kwana uku zuwa huɗu yana tsamo sunaye da shekaru da manyan al'amura, yana rubutawa da gaggawa. Wanda ya san wahalar karanta rubutun hannu na Magariba, inda ake ɗiga fa'un a ƙasa, ƙafun kuma da ɗigo ɗaya a sama, ga sunayen garuruwa da na mutane ba wasali, zai gane cewa aikin kwana huɗun nan ba ƙaramin gwaji ba ne ga Larabcin baƙo.

Abin da littafin ya ƙunsa shi ne ya sa wannan aro ya zama babban al'amari. A cikinsa akwai labarin kafuwar Tambutu da Jenne, da mulkin Mali a kansu, da tashin Sunni Ali wanda ya yi sarauta daga 1464 zuwa 1492, da Askiya Muhammadu wanda ya karɓi mulki a 1493 ya je aikin hajji, da zuriyarsa, har zuwa shekarar 1591 da rundunar Maroko mai bindigogi ta karya Songhai a Tondibi. Kafin wannan aro abin da Turai ta sani game da wannan daula bai wuce 'yan shafukan Hasanul Wazzan ba, wanda suke kira Leo Africanus, da abin da marubutan Larabawa na arewa suka tsinta daga bakin fatake. Ga mutanen Kebbi kuwa littafin yana da wani matsayi na dabam, domin a cikinsa aka ambaci Kanta, Sarkin Kabi, yadda ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima a wajajen 1516, ya ɓalle, rundunonin Songhai kuma suka kasa mayar da shi ƙarƙashinsu. Ganuwar Surame, birninsa, tana nan tana shaida ƙarfin wannan sarki, amma shekarun da ake jingina labarinsa da su daga wannan littafi aka samo mafi yawansu. Barth ya aika da abin da ya tsamo zuwa Jamus, wani masanin Larabci mai suna Ralfs ya gyara shi ya fassara, aka buga a mujallar mustashriƙai a 1855, tun mai aikowar bai gama komawa gida ba.

Sai dai ya yi kuskure guda wanda ya daɗe yana yawo a littattafan Turai, domin ya danganta littafin ga Ahmad Baba, shahararren malamin Tambutu da Marokawa suka kama suka kai Marrakesh. Ahmad Baba ya rasu a 1627, alhali labarin da ke cikin littafin ya zarce har wajajen 1655, marubucinsa na gaskiya kuma shi ne Abdurrahman as-Sa'adi, limami kuma magatakarda a gwamnatin Tambutu. Dalilin kuskuren a fili yake, tunda as-Sa'adi ya ciro dogayen sassa daga littafin Ahmad Baba na tarihin malaman Malikiyya, sunan Ahmad Baba kuma shi ne ya fi yawo a bakin masu ilimi, ga shi baƙon bai sami sukunin karanta littafin daga bango zuwa bango ba. Ba a daidaita maganar sosai ba sai da Octave Houdas, Bafaranshe, ya buga cikakken matanin Larabcin a 1898 da fassararsa a 1900, sannan John Hunwick ya fitar da fassarar Ingilishi ta mafi yawansa a 1999. Wannan kuskure yana nuna iyakar ilimin matafiyi, wanda kullum raƙuminsa a ɗaure yake a ƙofar gida, idan aka gwada shi da na ɗalibin da ya zauna shekaru gaban malami yana biya littafi baƙi da fassara.

A farkon Yuni ya bar Gwandu, ya bi ta Birnin Kebbi, ya isa bakin Kwara a garin Sayi ranar 20 ga watan. Daga can ya shiga ƙasar da ke ƙarƙashin ikon Hamdullahi ta Masina, inda Kirista ba shi da aminci, saboda haka a wannan zangon ya ɓad da kama ya ce shi sharifi ne daga Sham mai kai wa shehun Tambutu littattafai, yaudarar da ba za ta yiwu ba in da harshensa yana da tangarɗa mai yawa. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, asirinsa ya tonu, Sarkin Hamdullahi Ahmadu ɗan Ahmadu ya aiko a kore shi ko a miƙa shi. Wanda ya tsaya masa shi ne Shehu Ahmad al-Bakka'i al-Kunti, jagoran ɗariƙar Ƙadiriyya a yankin, wanda ya rubuta wa Hamdullahi martani da hujjojin fiƙihu a kan haƙƙin baƙon da aka ba amana, ya fitar da shi zuwa zangonsa na bayan gari a duk lokacin da rikici ya yi zafi, daga ƙarshe kuma ya raka shi da kansa har Gawo a tsakiyar 1854. Watannin da suka yi tare sun cika da muhawara a kan addini da tarihi da siyasar Turai, duk da Larabci, kowannensu yana riƙe da aƙidarsa, kuma ana iya cewa wannan harshe da ya buɗe wa Barth littattafai shi ne ya tsirar da wuyansa.

Ya dawo ta Sayi da Gwandu da Wurno da Kano, ya tarar an riga an baza labarin mutuwarsa a Turai, ya kuma yi kiciɓis da Eduard Vogel, wanda aka turo ya taimaka masa, a cikin daji kusa da Bundi a farkon Disamba na 1854. Ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta na 1855, ya sauka Landan a Satumba, bayan fiye da shekara biyar da tafiyar da ta haura kilomita 15,000. Tare da shi akwai samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu, kuma daga bakin Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, James Schön ya rubuta labarai da tarihin rayuwa waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885, suka zama cikin rubutattun zuben Hausa na farko da boko. Littafin tafiyar Barth ya fito cikin juzu'i biyar da Jamusanci da Ingilishi a 1857 da 1858, shafi kusan 3,500, cike da jadawalin sarakuna da zangunan fatake da farashin kaya da jerin kalmomi. Jama'ar Ingila, waɗanda a lokacin suke rububin littafin David Livingstone, sun ga nasa ya yi nauyi da bushewa, juzu'an ƙarshe ba su sayu ba, shi kuma mutum ne mai zafin rai da saurin ɗaukar abu a matsayin raini, har dangantakarsa da hukumomin Landan ta yi tsami duk da lambar zinariya da ƙungiyar masana labarin ƙasa ta ba shi a 1856. A Jamus ma sai 1863 ya sami kujerar farfesa a Barlin, wadda ba cikakkiya ba ce. Tsakanin 1862 da 1866 aka buga aikinsa na kwatanta harsuna tara, cikinsu har da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Songhai, amma bai ga ƙarshen bugun ba, domin ciwon ciki ya kashe shi a Barlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Hukunci a kan mutum irin wannan yana bukatar a riƙe abu biyu a lokaci guda. Ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, yarjejeniyoyin da ya ƙulla da Barno da Sakkwato da Gwandu da sunanta ya ƙulla su, taswirorin da August Petermann ya zana daga bayanansa kuma sun amfani waɗanda suka zo da bindiga bayan shekara hamsin, lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Zargin da ake yi wa istishraƙi cewa ya share wa mulkin mallaka hanya bai bar shi a baya ba. Amma kuma a zamanin da ake bin koyarwar manyan masanan Jamus, har da Hegel, cewa Afirka ta kudu da Sahara ba ta da tarihi, shi ya ajiye musu takardu a gabansu masu sunaye da shekaru, ya kuma ambaci mutanen da suka ba shi, bai mayar da su inuwa ba. Saboda haka idan aka ce Barth ya gano Tarikhus Sudan an yi wa gaskiya ƙwange, domin littafin yana hannun malaman Gwandu da Sakkwato suna karanta shi, ɗan Tafa ne ya yi nuni, Buhari ne ya ba da aro, abin da baƙon ya yi shi ne ya san darajar abin da aka miƙa masa, ya kuma iya karanta shi.

Hanyar da ya buɗe wasu Jamusawa sun bi ta. Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawan Salaga suka sani da Malam Musa, ya tara rubuce-rubucen ajami, Adam Mischlich kuma, wanda ya wallafa ƙamusun Hausa a 1906, ya zauna gaban Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin da aka haifa a Kano a 1858, asalin gidansu Kabawa, wanda ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa har da na Kabi, daga baya Heinz Sölken ya fassara na Kabin ya buga. Carl Brockelmann ya shigar da Shehu Usmanu da littattafansa cikin babban kundinsa na tarihin adabin Larabci, ƙamusun Hans Wehr kuwa, wanda ya fito a 1952 aka mayar da shi Ingilishi a 1961, yana cikin littattafan da ɗaliban Larabci na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suke buɗawa.

Dangane da ƙasar Zuru, inda masu sauraron wannan shiri suke, hanyar Barth ta bi ta arewa ne, daga Sakkwato zuwa Gwandu zuwa Birnin Kebbi, ba ta gangaro kudu wajen duwatsun Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa ba, kuma ko da ta gangaro, mabuɗin da ke hannunsa bai dace da wannan ƙofa ba. Larabci yana kai mai shi ga abin da fada da makaranta suka rubuta, su kuwa marubutan fada sukan ambaci mutanen duwatsu ne a gurguje, a matsayin waɗanda aka kai wa hari ko aka karɓi gandu a hannunsu, shi ya sa ma jerin Banza Bakwai da Barth ya kwafa, mai ɗauke da Kabi da Yawuri da Zamfara, yake nuna yadda mai riƙe da alƙalami yake kallon maƙwabcinsa. Tarihin Lelna, wato Dakarkari, yana cikin bakin dattawa da waƙoƙin noma, da al'adar golmo wadda saurayi yake yi wa surukai aikin gona na shekaru kafin a ba shi mata, da bikin Uhola, da tukwanen da ake ɗorawa a kan kaburbura, kuma irin wannan taska tana bukatar mai jin harshen mutanen da kansa. Rubutun bincike a kan yankin ya makara ƙwarai idan aka gwada da na Gwandu da Barno, domin sai a 1938 P. G. Harris ya buga bayaninsa a kan al'ummun Dakarkari na Lardin Sakkwato, nazarin harshensu, C'lela ko Dakarci, a ilimance kuwa ya jira wani Bajamushen, Carl Hoffmann na Jami'ar Ibadan, wanda ya wallafa bincikensa a kan azuzuwan suna na Dakarci, wato yadda harshen yake rarraba sunaye rukuni-rukuni ta hanyar ɗafi, a shekarar 1967, shekara 114 bayan kwanakin da Abdulkarim ya yi yana kwafar littafin Malam Buhari a Gwandu.